NAMA DA DANKALI A KASKO GUDA: ABINCIN DARE NA MINTI ARBA'IN

Da wuya ranar ganin masu ciwon suga ko masu hawan jini ta wuce ba a yi mana wannan tambaya ba: "To, yanzu ni me zan ci?" Galibi mai tambayar ya riga ya sha hani iri-iri a wajen 'yan uwa da maƙwabta kafin ya iso gare mu. Wannan ya ce masa kada ya ƙara taɓa nama, wancan ya ce dankali guba ne a gare shi, wata kuma ta ce daga yau sai wake da acha. Daga nan sai ɗayan abu biyu ya faru. Ko dai ya takura wa kansa, a ware masa tukunyarsa, yana cin abinci shi kaɗai kamar baƙo a gidansa, ko kuma bayan wata biyu ya gaji ya yi watsi da dokar baki ɗaya, ya koma cin duk abin da ya samu. Dukansu biyu mukan sake haɗuwa da su a ɗakin kwanciya. Na farko an kawo shi a sume domin yana shan magani cikinsa babu abinci, sugansa ya faɗi ƙasa. Na biyu kuwa an kawo shi da shanyewar ɓarin jiki ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa.

Saboda haka a wannan fitowa muka ɗauki abinci guda ɗaya, wanda ya haɗa abubuwa biyun da aka fi tsorata majinyata da su, wato jan nama da dankalin Turawa. Za mu nuna yadda za a dafa su a kasko guda cikin kimanin minti arba'in, iyali su ci tare da majinyacinsu, ba tare da an ɗora tukunya biyu ba. A ƙasashen Turai da Amurka wannan sanannen abincin dare ne, suna kiran yankan naman da suna sitek. Mun gyara shi ya dace da naman kasuwarmu, da murhunmu, da kuma lafiyar masu zuwa wannan asibiti.

DANKALIN NAN DAGA INA?

Ko da yake muna ce masa dankalin Turawa, asalinsa ba na Turai ba ne. Mutanen tsaunukan Andes, a yankin ƙasashen Peru da Bolibiya na Kudancin Amurka, su ne suka fara noma shi dubban shekaru da suka wuce. Mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Mu kuma ya iso mana a zamanin mulkin mallaka, ya sami wurin zama a tsaunin Jos saboda sanyin wurin. Har yau mafi yawan wanda muke gani a kasuwa daga jihar Filato yake fitowa, musamman yankunan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma akwai tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2008 a matsayin shekarar dankali ta duniya, saboda muhimmancinsa wajen ciyar da al'umma.

ME KE CIKIN NAMA, ME KE CIKIN DANKALI?

Giram 100 na ɗanyen dankali, wato kamar guda ɗaya da rabi masu girman ƙwan kaza, yana ɗauke da kimanin giram 17 na sitaci da kalori 77. Kusan babu mai a cikinsa. Yana da bitamin C, yana da sinadarin fotasiyam mai yawa, ɓawonsa kuma yana da harza mai taimaka wa hanji. Amma idan aka yanka shi siri-siri aka tsoma shi a cikin mai, wannan giram 100 ɗin yakan kai kalori 300, wani lokaci har ya wuce. Ashe ke nan yawancin laifin da ake ɗora wa dankali na man suya ne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kaɗai yana da kimanin kalori 120.

Tsokar naman sa kuwa, giram 100 na dafaffe yana ba da kimanin giram 26 na furotin, wanda jiki ke buƙata domin gina tsoka da warkar da rauni. Wannan ya sa muke ƙarfafa wa wanda aka yi wa tiyata da mai gyambo su sami nama ko kifi ko ƙwai ko wake a abincinsu. Haka kuma nama yana da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke yin jini da shi, kuma irin na nama ya fi na ganye saurin shiga jiki. Yana da bitamin B12, wanda ba a samunsa sai a abincin da ya fito daga dabba. Matsalar nama tana wurare uku: kitsen da ke jikinsa, yawan da ake ci, da irin wutar da aka ba shi.

A TEBURIN MAHAUCI

Lafiyar wannan girki daga kasuwa take farawa. A kula da waɗannan:

1. A sayi nama da safe, a wajen mahaucin da aka sani, wanda ke ɗauko namansa daga mayankar da ma'aikatan lafiyar dabbobi ke dubawa. Naman da ya wuni a tebur rana na dukansa, ƙuda na binsa, ba ya jure irin wannan girki mai sauri.

2. A guji nama mai arhar da ta wuce hankali. Sau da yawa naman dabbar da aka yanka ne tana gargara, ko wadda ba a san abin da ya kashe ta ba. Akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kamar tarin fuka na shanu da cutar antaraks. A watan Yuli na 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar antaraks a wata gonar dabbobi a yankin Suleja ta jihar Neja. Arha dai ba ta ado.

3. A duba naman da ido. Mai kyau ja ne, ba ya yauƙi, ba ya wari, idan an danna shi da yatsa sai ya dawo. Idan an ga wasu ƙananan farare-farare kamar ƙwayar shinkafa a cikin tsokar, a bar shi. Wannan 'ya'yan tsutsar ciki ce, mai faɗi da tsawo, wadda ke girma a hanjin mutum idan ya ci naman bai dahu ba.

4. A ce wa mahauci tsoka zalla ake so, babu kitse babu jijiya. Wadda ta fi taushi ita ce ta gadon baya, musamman siririyar tsokar nan da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki. Idan ba a samu ba, tsokar cinya ma ta yi. Tozo da ƙirji da kayan ciki a bar su, domin kitsensu ya yi yawa ko kuma suna son doguwar dahuwa. Kada a karɓi kitse a matsayin gyara.

A WAJEN MAI DANKALI

A zaɓi mai tauri, wanda fatarsa ba ta yamutse ba. Dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro yana tara wani dafi mai suna solanin, wanda ke kawo amai da gudawa da ciwon ciki, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Idan koren ɗan kaɗan ne, a yanke wurin da zurfi, a ƙwaƙule idon tsiron. Idan koren ya yi yawa, ko an ɗanɗana an ji ɗaci, a zubar. Haske ne ke sa shi yin kore, saboda haka a gida a ajiye shi a kwando, a wuri mai duhu da iska, a fitar da shi daga leda.

KAYAN HAƊI NA MUTUM HUƊU

Tsokar naman sa, rabin kilo
Dankalin Turawa, guda takwas zuwa goma masu girman ƙwan kaza (kimanin giram 600)
Albasa, manya biyu
Tattasai, biyu
Attaruhu, ɗaya, ga mai so
Karas, biyu
Kabeji, rabin madaidaici
Tumatir, biyu
Tafarnuwa, ƙwaya huɗu
Ɗanyar citta, kamar kan babban yatsa
Masoro, rabin cokalin shayi
Daddawa, ɗan gutsure, a daka
Lemun tsami, ɗaya
Man gyaɗa, cokalin cin abinci biyu
Gishiri, rabin cokalin shayi
Ruwa, kofi ɗaya

Ana buƙatar kasko mai faɗi da kauri, wanda yake da murfi. Idan babu, tukunya mai faɗin gindi ta wadatar.

YADDA AKE YI

Uwargida za mu yi wa magana, amma maigida da ɗalibi da gwauro su ma su matso kusa, domin girkin ba ya buƙatar gwaninta.

Da farko ki wanke hannu da sabulu. Ki fara da kayan lambu kafin ki taɓa nama. Ki wanke dankalin sosai, ki goge ƙasar da ke jikinsa. Idan fatarsa lafiya take ba sai kin fere ba. Ki yanka shi ƙanana, kamar girman kan babban yatsa, domin ya yi saurin dahuwa. Ki yanka albasa da tattasai da karas da tumatir, ki yanka kabeji manya-manya, ki jajjaga tafarnuwa da citta da attaruhu. Ki ajiye su gefe a rufe.

Yanzu sai nama. Idan za ki wanke shi, ki wanke a cikin kwano a hankali, kada ruwan ya fantsama a kan sauran kayan, ki zubar da ruwan nesa da wurin girki. Ki sani wankewa tana cire ƙasa da gutsuren ƙashi ne kawai, wuta ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Ki cire duk wani farin kitse da kike gani. Ki dubi tsokar da kyau, za ki ga zare-zarenta sun bi hanya guda. Ki yanka a gicciye, ki datse zaren, kada ki bi tsawonsa. Wannan shi ne sirrin taushi. Kaurin kowane yanki kada ya wuce rabin yatsa. Shanunmu sun sha tafiya, namansu ya fi na shanun da ake kiwo a killace tauri, saboda haka ki shimfiɗa yankan a kan katako ki ɗan bubbuga da bayan wuƙa ko ƙaramar taɓarya. Ki shafa masa rabin jajjagen nan, da masoro, da ruwan rabin lemun tsami, ki bar shi minti goma. A wannan lokacin ki wanke wuƙa da katako da hannunki da sabulu.

Ki ɗora kasko ya yi zafi, ki zuba mai cokali ɗaya. Ki jera naman, kada wani ya hau kan wani. Idan kaskon ƙarami ne ki yi sau biyu, domin in ya cika sai naman ya fitar da ruwa ya yi tauri. Ki bar shi minti biyu zuwa uku ba tare da juyawa ba, har ƙasan ya yi ja, sannan ki juya ɗaya gefen ya yi haka. Ja ake so, kada ki bari ya yi baƙi. Ki kwashe a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna a ciki ba, ki rufe.

A cikin wannan kaskon, ba tare da kin wanke ba, ki zuba sauran cokalin mai, ki sa albasa da sauran jajjagen, ki juya minti biyu. Ki zuba dankali da karas da daddawa da gishiri, ki juya, sannan ki zuba ruwa kofi ɗaya. Ki kankare abin da ya kama a gindin kaskon da muciya ko cokalin katako, nan ɗanɗanon yake. Ki rufe, ki rage wuta, ki ba shi minti goma sha biyu zuwa sha biyar. Idan cokali mai yatsu ya shige dankalin ba gardama, ya yi. Idan ruwan ya ƙone kafin nan, ki ƙara ruwa kaɗan. Kada ki ƙara mai.

Sai ki zuba kabeji da tattasai da tumatir, ki dawo da naman tare da romon da ya tsatso a farantin, ki juya, ki rufe minti biyar. Kafin ki sauke, ki ɗauki yankin da ya fi kauri ki tsaga shi. Idan babu ja a tsakiya, ruwan da ke fita kuma ba shi da alamar jini, ya dahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai zafin digiri 70 a ma'aunin Salshiyos har cikinsa. Turawa da yawa suna son sitek ɗinsu da sauran ja a ciki. Mu ba mu ba da wannan shawara ba, saboda tsutsar da muka ambata da kuma yadda nama ke wuni a kasuwa babu sanyi. Ki matsa sauran lemun tsamin, ki sauke.

Idan da gawayi kike girki, ki yi a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kisa.

RABON FARANTI

Yadda aka zuba abincin yana da muhimmanci kamar yadda aka dafa shi. A raba faranti gida huɗu a ido: gida biyu kayan lambu, gida ɗaya dankali, gida ɗaya nama. Rabin kilo na ɗanyen nama yakan koma kimanin giram 350 bayan ya dahu, kowa ya tashi da kusan giram 90, wato kamar faɗin tafin hannunsa ban da yatsu. Dankali kuwa kowa zai sami kamar guda biyu zuwa biyu da rabi. Mai aikin ƙarfi da matasa masu lafiya za su iya ƙarawa. Majinyaci in bai ƙoshi ba, a ƙara masa kabeji, ko kwaɗon zogale, ko kokwamba.

MAGANAR GISHIRI DA DUNƘULE DA KANWA

Mai karatu zai lura ba mu sa dunƙulen ɗanɗano a kayan haɗi ba. Da gangan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da na burodi da na miya da na tsire da na komai. Shi kuwa dunƙule, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Uwargidan da ta ce ta daina sa gishiri saboda hawan jinin maigida, amma tana jefa dunƙule huɗu a tukunya, ba ta rage komai ba. Idan lallai sai an sa, a sa guda ɗaya a cire gishirin gaba ɗaya. A wannan girki, rabin cokalin shayi da aka raba wa mutum huɗu bai kai giram ɗaya ga kowa ba. Albasa da tafarnuwa da citta da daddawa da lemun tsami su ne ke cike gurbin. Kwanakin farko za a ji salam, amma cikin 'yan makonni harshe yakan saba, har a riƙa jin abincin waje ya cika gishiri.

Wasu sukan jefa kanwa domin nama ya yi saurin laushi. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya su guje ta, domin tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke sa jiki riƙe ruwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Idan naman ya cika tauri, a goga ɗanyar gwanda kaɗan a shafa masa na minti goma sha biyar. Tana da sinadarin da ke sassauta tsoka.

KOWA DA NASA GYARAN

Mai ciwon suga: Dankali sitaci ne, kuma yana cikin masu saurin ɗaga suga, musamman idan an dafa shi ya yi lugub an farfasa. Wannan bai sa ya haramta ba. Sharaɗin shi ne a tsaya a kan guda biyu, a ci shi tare da nama da kayan lambu waɗanda ke rage masa gudu, kuma kada a haɗa shi da burodi ko shinkafa ko lemun kwalba a zama ɗaya. Dankalin shi ne tuwon wannan dare. Wanda yake da na'urar gwaji ya auna sugansa awa biyu bayan fara cin abinci. Ga yawancin majinyata ana so ya kasance ƙasa da 10, ko ƙasa da 180 a na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa. A rubuta a kawo mana ranar asibiti. Dankalin Hausa ma sitaci ne, shi ma da awo ake cinsa. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage suga kada ya kwana da yunwa don tsoron abinci.

Mai hawan jini da mai ciwon zuciya: A riƙe ma'aunin gishiri da na mai kamar yadda aka faɗa, a cire kitse tas. Kada a soya da kitsen da aka narke, ko man shanu, ko man da aka riga aka yi suya da shi sau da yawa. Gyaran abinci yana taimaka wa magani, amma ba ya maye gurbinsa. Kada a daina shan magani don an ga jini ya sauka.

Mai ciwon ƙoda: Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan sosai. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata, idan kuwa ya taru a jini yana iya hargitsa bugun zuciya, har ya tsayar da ita. Dankali da tumatir duk suna da shi da yawa. Wanda likita ya ce masa ya rage fotasiyam, a fere masa dankalin, a yanka ƙanana, a tafasa a ruwa mai yawa, a zubar da ruwan, sannan a sa a kasko. Wannan yana rage kusan rabi. Jiƙawa kawai ba tare da tafasawa ba ba ta rage abin kirki. A cire tumatir. A guji gishirin nan da ake sayarwa da sunan na masu hawan jini, domin galibinsa da fotasiyam ake yin sa. Yawan naman da ya dace kuma ya bambanta: wanda bai fara wankin ƙoda ba akan rage masa, wanda ake yi wa wanki akan ƙara masa. Saboda haka mai ciwon ƙoda kada ya gwada wannan girki sai ya zo sashen kula da abinci an auna masa nasa.

Mai juna biyu da mai ƙarancin jini: Wannan abinci ya dace da ku. Bitamin C na tattasai da tumatir da lemun tsami yana taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana rage shi, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Mai ciki ta tabbata naman ya dahu sarai kuma kada ta ɗanɗana shi yana ɗanye, domin akwai ƙwayar cuta a ɗanyen nama da ke iya cutar da jaririn da ke ciki. A ci gaba da shan maganin ƙarin jinin da aka bayar a wajen awo.

Mai gyambon ciki da mai ƙwannafi: Yaji ba shi ke haddasa gyambon ciki ba. Mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki barkatai. Amma idan attaruhu ko masoro ko lemun tsami na tayar maka da ciwon, a cire su. A ci abincin dare da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin a kwanta.

Tsofaffi da yara: A yanka musu naman ƙanana sosai, ko a daka shi bayan ya dahu. Tsoho yana buƙatar furotin domin kada ƙarfinsa ya zube, amma sau da yawa haƙori ke hana shi.

SAU NAWA A MAKO?

Wannan ba abincin kullum ba ne. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta bayyana cewa naman da aka sarrafa domin ya daɗe, ta hanyar gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, yana haddasa ciwon dajin babban hanji. Irinsa su ne naman gwangwani da sosej da busasshen nama mai gishiri, kilishinmu ma kusa da nan yake. Cibiyar ta ce cin giram 50 na irin wannan nama kowace rana yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Game da jan nama wanda ba a sarrafa ba, wato na sa da rago da akuya, ta ce akwai yiwuwar shi ma yana da hannu, amma hujjar ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Masana harkar suna ba da shawarar kada a wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, wato kimanin sau uku. Wannan lissafi ya haɗa da naman miya da tsire da balangu, har da na lokacin Babbar Sallah, lokacin da mukan ga majinyata da yawa sun dawo da jini a sama.

Ƙonewa ma abin lura ce. Naman da ya yi baƙi a wuta yana samar da sinadarai da ake zargi da jawo ciwon daji, haka ma dankalin da aka soya har ya yi duhu. Masana a ƙasar Suwidin ne suka gano na dankalin a 2002. Shi ya sa a wannan girki muka taƙaita suya, muka bar ruwa da tururi su ƙarasa aikin.

Mun san nama ya yi tsada, ba kowane gida ke iya sayen rabin kilo don cin dare ɗaya ba. Wannan tsari yana karɓar canji. A sa kwatan kilo a ƙara dafaffen wake kofi ɗaya. A sauran ranaku a sa kifi, ko kaza da aka cire wa fata, ko awara, ko a fasa ƙwai huɗu a kai a minti biyar na ƙarshe a rufe har su dahu.

IDAN AN RAGE

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki, a lokacin bazara ma awa ɗaya. Idan akwai firji a sa shi da wuri a cikin mazubi mai murfi, a cinye washegari. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu kawai. Wajen ɗumame a tabbata ya yi zafi har tsakiya yana tururi, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Inda babu firji, a dafa daidai cin dare. Gudawa da amai da mai lafiya zai warke daga gare su cikin kwana biyu suna iya kwantar da mai ciwon suga ko mai ciwon ƙoda a gadon asibiti.

KAMMALAWA

Muna roƙon iyalai su daina ware majinyaci da tukunyarsa idan ba likita ne ya ce a yi haka ba. Abincin da aka rage wa gishiri da mai, aka yawaita masa kayan lambu, shi ne ya dace da kowa a gidan, musamman da yake hawan jini da ciwon suga suna bin dangi. Yaron da ya tashi da irin wannan ɗanɗano an yi masa rigakafi tun da wuri, rigakafi kuwa ya fi magani.

Duk wanda yake da tambaya game da abin da ya dace da cutarsa, ya nemi likitansa ya tura shi sashen kula da abinci. Ya zo da katinsa, da magungunan da yake sha, da kuma wanda ke yi masa girki a gida, domin a yi bayanin a gabansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri, amin.